Tattabarun Mai Agogo

Matakala sittin da biyu ce tsakanin bakin titi da rufin benen, kuma shekara arba'in da huɗu Mai Agogo ya yi yana hawanta safe da yamma, bai taɓa dafa bango ba. A ta arba'in da biyar ne ƙafarsa ta goce a hawa na biyu, ya faɗi da kwanon hatsi a hannu, ƙashin ƙugunsa ya tsage. Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce in ana son tsohon nan ya ci gaba da tafiya da ƙafafunsa, to shi da bene sun yi hannun riga. Da aka sallame shi daga asibiti, a kan kujera babban ɗansa da maƙwabta suka ɗauke shi zuwa hawa na uku inda ɗakunansa suke, aka tsayar da magana cewa da zarar ya ɗan warware zai koma gidan 'yarsa.

Shi ya sa Auta ta iso wata Asabar da safe da kwalaye da igiya. Ita ce ƙarama cikin 'ya'yansa uku. Shekararta arba'in da ɗaya, tana koyarwa a jami'a, ɗalibai na ce mata Dakta, amma a gidan nan har gobe Auta ce. Fanninta shi ne yadda halittu ke gadon kamanni daga iyayensu, kuma uban bai taɓa barin wannan ya wuce ba tare da tsokana ba. In baƙo ya tambayi aikinta sai ya ce, "Shekara goma ta yi tana karatu don ta gano ɗa yana kama da ubansa. Da ni ta tambaya da na faɗa mata a tsaye."

Ta same shi zaune a bakin taga, sandarsa jingine da gwiwa, ya buɗe cikin wani agogon da babu abin da ya same shi. Shagonsa na ƙasa ya daɗe da zama na masu gyaran waya, amma hannun bai yarda ya huta ba.

"Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi sauƙi. Waɗancan na sama fa, me kuka yanke a kansu?"

Waɗancan na sama su ne tattabarunsa, sun kai saba'in. Tun da ya faɗi, matar telan da ke hawa na biyu ke hawa ta watsa musu hatsi ta canja musu ruwa. Yaya, babban wanta, ya riga ya faɗi nasa ra'ayin a waya, cewa a buɗe musu ƙofa kowace ta kama gabanta. Auta ba ta isar da wannan saƙon ba. Ta ce za a san yadda za a yi, ta shige ɗakin kwana ta fara kwashe kaya.

A saman kabad, bayan tsoffin barguna, ta ci karo da gwangwanin biskit da ta sani tun tana yarinya. Hotuna ne a ciki. A da akwai mai hoto da shagonsa ke manne da na Baba, kuma duk shekara sau ɗaya yakan hau rufin da na'urarsa ya ɗauki Baba tsaye a tsakiyar tsuntsayensa suna cin hatsi. Umma ce ta ƙirƙiro abin, ita kuma ke rubuta shekara a bayan kowane hoto. Da mai hoto ya rufe shago Yaya ya ci gaba da ɗauka da waya yana wankowa. Auta ta zauna a bakin gado da nufin ta duba biyu ko uku, sai ta tsinci kanta tana jera su a kan zanen gado daga na fari har na bara.

Uban ta fara kallo: gashin kai yana ja da baya, gemu yana furfura, riga tana yi masa yawa. Can idonta ya sauka ƙasa, wajen ƙafafunsa. A hotunan farko rufin fari fat yake, kamar an shanya auduga. A na bara da ƙyar ta iya nuna fara guda ɗaya cikin baƙaƙe da masu ruwan toka. A rufin nan ta girma, duk wata tana zuwa gaisuwa, amma ba ta taɓa lura ba, saboda abin a hankali ya zo, kamar tsufa.

Ta ɗauko biro ta juya murfin kwali ta shiga ƙirga. Awa guda ta wuce kwali ko ɗaya bai cika ba.

"Auta, kwashe kaya kika zo yi ko duba?" Yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa.

"Baba, zo ka gani. Ka san tattabarunka sun canja launi?"

Ya matso ya zauna da ƙyar, ya ɗaga wani hoto kusa da idonsa. "Ni za ki gaya wa? Tun da uwarku ta rasu suka yi baƙi. Tsuntsu ma yana da zuciya."

"Ai tattabara ba ta canja gashi don baƙin ciki, Baba. Wadda aka ƙyanƙyashe fara, fara za ta mutu. Kuma duba nan, shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Umma, amma baƙin ya fara yawa tun kusan shekara ashirin kafin nan."

"To hayaƙin motoci ne."

"Da hayaƙi ne da ruwan sama ya wanke."

"Ke dai ba a faɗa ki bari," ya ce, amma bai ajiye hoton ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗago kai. "Kai ni sama."

"Likita ya ce..."

"Likita bene ya ce. Wannan taka goma sha huɗu ce. In na faɗi ki ce masa ni na matsa."

Sun yi kusan minti goma kafin su kai. Tana riƙe da hannunsa na hagu, shi yana dogara sanda da dama, kowace taka sai ya tsaya ya yi kamar yana duba fentin bango. Da ta tura ƙofar rufin, warin da ta sani ya buge ta, warin hatsi da kashin tsuntsu da katakon da rana ta gasa. Komai na nan yadda ta bar shi: ɗakin ragar da ya haɗa da hannunsa, akwatunan kwanci jere a bango, tankin ruwa, da bencin da Umma ke zama tana tsefe mata kai. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito. Kafin ya sauke hannu sama ta cika da fukafukai, suka yi ta sauka a kafaɗarsa da kan sandarsa da bakin benci. Auta ta kau da kai don kada ta ga fuskarsa.

Da ya zauna numfashinsa ya dawo, sai ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba. Ya ce asalin tsuntsayen ba nasa ba ne. Da suka tare a gidan nan, Umma ce ta zo da farare shida da wanta ya ba ta, shi kuwa har faɗa ya yi, ya ce mai gyaran agogo da ƙura ba sa shiri. Wata uku bai cika ba ya fi ta zaman rufin. Cikin shekara goma sun haura tamanin, akwai 'yan masu toka da suka shigo daga maƙwabta, amma fari shi ne sarki.

"Sai shekarar cuta," ya ce. "Kina tunawa?"

Tana tunawa. Shekararta sha ɗaya. Cuta ce da ke murɗe musu wuya, su yi ta juyi a ƙasa har su mutu. Kullum da safe Baba na saukowa da buhu, ba ya magana da kowa. Umma ta kwashe waɗanda ke da sauran numfashi ta sa su a kwali a kicin, tana ɗiga musu ruwa a baki da ƙaramin cokali, ita kuma Auta ke riƙe musu kai.

"Tara suka rage. Farare biyar, masu toka huɗu."

Auta ta dafa gwiwarsa. "Ka ga wuri na farko ke nan. Kafin cutar, cikin goma da ƙyar a sami mai toka ɗaya. Bayan cutar sun kusa rabi. Cutar ba launi ta duba ba, ta ɗebi wanda ta ɗeba ne kawai. Amma duk tsuntsun da aka samu daga baya, daga taran nan ya fito. Abin da ke jikinsu shi aka raba wa na baya."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ba su kaɗai ba. Akwai Mai Safa."

Ta fashe da dariya, don ta manta da shi sarai. Damina ta gaba ne wani baƙin namiji ya faɗo rufin cikin ruwan sama, jiƙe sharkaf, ƙafafunsa lulluɓe da gashi har yatsu, kamar ya sa safa. Ba wanda ya san daga ina ya fito. Baba ya so ya kore shi don tsoron kada ya zo da wata cutar, Umma ta ce wanda ruwa ya koro ba a korarsa. Ta tsare shi sati biyu a ƙarƙashin kwando kafin ta sake shi cikin sauran.

"An ce baƙo raɓa ne," in ji Baba. "Wannan kam ya zama mai gida. Shekara goma sha ɗaya ya yi a nan, ba ya gajiya da ƙyanƙyasa. Dubi ƙafafunsu."

Ta duba. Cikin waɗanda ke tsince hatsi a gabanta, kusan ɗaya cikin uku na da gashi a ƙafa, wasu kaɗan, wasu har ƙasa.

Ya ɗaga sanda ya nuna ƙarfen sabis ɗin waya da ya tsaya bayan tashar motoci, ya fi duk gine-ginen unguwar tsawo. Ya ce tun da aka kafa shi shaho ya mayar da shi gida. In garken ya tashi yana zagaye da safe, sai ka ga abu ya faɗo daga sama kamar jifa. Ya sha tsayawa a nan yana kaɗa gwangwani yana ihu har maƙwabta suka ɗauka ya taɓu. Kuma shi a ganinsa, fara shahon ya fi ɗauka, don a kan rufin kwano da kwalta ita ke haske.

"To ka ba kanka amsa, Baba. Babu tattabara ɗaya da ta canja. Wasu ne suka rayu suka yi 'ya'ya da yawa, wasu ba su kai ga yi ba. In aka yi haka shekara da shekaru, sai garken ya tashi da wata kama daban."

"Ke nan farin ya ƙare."

"Da sauransa, ɓuya ya yi." Ta tsinci ƙwayar hatsi biyu ta ɗora a tafin hannunta. Ta ce kowace tattabara na ɗauke da ƙwayar gado biyu ta wannan launi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Irin farin da ke gidan nan mai kunya ne, ba ya fitowa sai ya haɗu da ɗan'uwansa. In ya haɗu da baƙi sai ya laɓe a bayansa, tsuntsu ya fito baƙi alhali yana ɗauke da farin a jikinsa. In biyu masu irin wannan ɓoyo suka haɗu, a kan sami fari ɗaya cikin 'ya'ya huɗu, in an yi lissafi a kan ƙyanƙyasa da yawa.

Baba ya buɗe baki. "Tsaya. Baƙi da baƙa su haifi fari, kuma ɗan halak?"

"Ɗan halak, Baba."

"Kai! Na ɗauki alhakin bayin Allah. Akwai wata da na yi wata guda ina zaginta, ina ce mata maciya amana, har na raba ta da mijinta." Ya yi ta dariya har ya riƙe ƙugu yana cewa wash, ita ma hawaye na zubo mata.

Da dariyar ta lafa sai ta zaro hotuna biyu da ta taho da su a aljihu. Ta ce akwai wuri ɗaya da ya gagare ta. A wannan, farare goma sha tara ne cikin saba'in da 'yan kai. A na shekarar da ta biyo baya, biyu. Ba a yi cuta ba, kuma shaho ko da iyalansa ya zo ba zai yi wannan aikin cikin shekara ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya karɓi hotunan ya juya bayansu. Na farkon na ɗauke da rubutun Umma. Na biyun babu rubutu. Ya mayar mata da su, ya zuba wa tsuntsayen ido.

"Ni ne shahon," ya ce.

Ta juyo ta dube shi.

"Fararen nata ne. Ita ke sa musu suna, a hannunta suke ci. Bayan an kai ta, kullum na buɗe ƙofar nan sai su taso su wuce ni, su tsaya a bakin matakala suna leƙen wanda ke bayana. Na yi wata biyu ina daurewa. Ran nan na kira Direba, na ce ya zo da kwanduna. Na kama su ɗaya bayan ɗaya na ba shi. Biyun da kika gani a kwanci suke, shi ya sa na bar su." Ya share fuska da hannun riga. "Da kuka tambaya na ce shaho ne."

Direba tsohon abokinsa ne, direban bas da ya yi ritaya ya koma bayan gari. Auta ta tuna lokacin. Tana can ƙasar waje tana ƙarasa karatu, ta zo ta yi sati biyu ta koma, kuma duk wayar da ta yi masa cewa yake lafiya lau, tsuntsaye ma lafiya lau. Ta matsa kusa da shi a kan bencin.

"Ashe da gaskiyarka, Baba. Rasuwar Umma ta sa sun yi baƙi."

"Na gaya miki, kika tsaya gardama."

Ba a kwashe kayan a ranar ba, sai da aka ƙara sati biyu. Auta ta zo da ɗalibanta huɗu, suka kama tsuntsayen ɗaya-ɗaya, suna rubuta launi da yanayin ƙafa, suna cire gashi guda daga kowace suna sawa a ambulan don gwaji. Baba na kan benci yana ba da umarni, yana faɗin wace ce uwar wace har kakanni huɗu, yana yi wa wata ɗaliba faɗa don ta riƙe tattabara kamar ta riƙe tulu. Matar tela, wadda sati shida na watsa hatsi suka sa ta shaƙu da su, ta ce in mai benen ya yarda za ta riƙe talatin a rufin. Mai benen ya yarda. Sauran aka ce a kai wa Direba.

Ranar da suka kai su, Baba na gaban mota, kwanduna na baya suna guɗa. Gidan Direba ƙasa ne, da fili a bayansa da bishiyar mangwaro. Tsoffin biyu suka rungume juna, kowa na cewa ɗan'uwansa ya fi shi lalacewa. Auta ta lura uban nata na jan ƙafa da suka nufi bayan gida, ta gane abin da yake jin tsoron gani.

Direba ya watsa hatsi, tsuntsaye suka sauko. Farare tas a cikinsu guda uku ne kacal. Sauran jajaye ne da wake-wake, wasu fari da ɗigon ja a wuya, wasu ja da farin fiffike.

"Ina fararen da na ba ka?" in ji Baba.

"Shekara goma sha biyu fa, Mai Agogo. Sun tsufa sun tafi. Ga jikokinsu nan. Ni jajaye na tarar a hannuna, kuma ba a hana tattabara auren wanda take so."

Baba ya tsaya yana kallonsu, ya jingina da sanda. Auta ta zaci zai yi fushi ko ya yi kuka. Sai ya sunkuya iya yadda ƙugu ya bari, ya kama wata mai ɗigon ja, ya buɗe fiffikenta, ya shafa ƙirjinta da babban yatsa.

"Ka kula da su," ya ce. "Suna da nama, kuma gashinsu na sheƙi."

Suka sha shayi a ƙarƙashin mangwaron har rana ta yi sanyi, suna tuna mutanen titinsu na da, wanda ya mutu da wanda ya tashi. Da za su tafi Baba ya zaɓi aure huɗu, biyu daga nasa biyu daga na Direba. Auta ta tambaye shi ko launi ya duba, ya ce ƙarfin ƙirji ya duba da hasken ido, launi kuma su je su sasanta a tsakaninsu.

A hanya ya tambaye ta inda za a kafa musu ɗaki. Ta ce akwai wuri bayan kicin. Ya ce bayan kicin rana ba ta shiga da safe, ya riga ya duba gidan, wuri ɗaya ne ya dace, wato rumfar da mijinta ke ajiye mota.

"Baba, motar fa?"

"Mota tana jin sanyi ne? Ki bar ni da shi, ni zan yi masa magana."

Ya kuwa yi masa. Kafin wata ya ƙare motar ta koma kwana a bakin ƙofa, kafinta ya zo da katako da raga, Baba na zaune a kujerar roba yana sa shi ya cire ƙusa ya sake bugawa.